DAM ƊIN CHALLAWA DA JADAWALIN DA MUKE ZANAWA A OFIS

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Makon jiya aka tura mu taron bita na kwana uku a kan yadda ake tsara ayyukan gwamnati. Wani matashi mai ƙoƙari ne ya koyar da mu. Ya haska mana manhajoji kala-kala a bango, ka zuba aiki a kwamfuta ta jera maka shi da launuka, wannan kore, wancan ja, ta faɗa maka ranar da za ka gama. Aka yi tafi, aka ci shinkafa, aka karɓi takardar shaida. Ni kuwa tunda ya fara magana hankalina ya tafi gida, ya tsaya a bakin dam ɗin Challawa, wajen Turawa. Don ban san wani aiki da ya koya mini abin da tsari yake iyawa da abin da ba ya iyawa kamar wannan dam ɗin ba.

Ina ɗan firamare aka yi aikin. Abin da na fi tunawa manyan motocin nan masu ɗibar dutse da ƙurar da suke tayarwa, da yadda yara muke bin su da gudu. Kamfanin Julius Berger ne ya gina shi tsakanin 1990 da 1992. Tsayinsa mita 42, tsawon bangon ya kusa kilomita 8, kuma yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. A shekara biyu fa. Wata fadamar kakana tana ƙarƙashin ruwan nan yanzu. Har ya rasu, in muka je wajen sai ya miƙa sandarsa ya nuna tsakiyar ruwa ya ce "ga tsamiyata can", alhali ba abin da kake gani sai kwalekwalen masunta.

Kafin in dawo kan dam, bari in ɗan ba ku tarihin kayan aikin da aka koya mana, don da yawanmu muna amfani da su ba mu san daga ina suka fito ba.

Na farko shi ne jadawalin Gantt. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin injiniya ya gan shi manne a bango: ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, watanni a jere daga hagu zuwa dama, kowane aiki an ja masa sanda daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Sunan wani injiniya ɗan Amurka ne, Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi a shekarun 1910, aka yi amfani da shi sosai a Yaƙin Duniya na Ɗaya wajen bin diddigin ƙera makamai da jiragen ruwa. Amfaninsa, kallo ɗaya za ka san inda ya kamata a ce an kai da inda aka kai. Rauninsa kuwa, ba ya faɗa maka wane aiki ne yake riƙe da wuyan wane.

Wannan giɓin aka zo cikewa a 1957, lokacin da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da dabarar da ake kira CPM. Su matsalarsu, in sun rufe masana'anta don gyara, kowace rana asara ce. Sai suka zauna suka ce, cikin ɗaruruwan ƙananan ayyukan nan, waɗanne ne ba za a iya farawa ba sai an gama wani? Da ka ƙulla su, za ka ga akwai sarƙa guda wadda ta fi kowace tsawo. Duk aikin da yake cikin sarƙar nan, in ya makara kwana ɗaya, aikin gaba ɗaya ya makara kwana ɗaya. Sauran kuwa suna da sarari, ko sun yi jinkiri ba komai. Ni ƙashin bayan aiki nake ce mata. Shekara ɗaya bayan haka, 1958, rundunar sojan ruwan Amurka ta fito da PERT a aikin makami mai linzami na Polaris. Su kuma ƙarin da suka yi, sun yarda cewa ba wanda ya san gobe sai Allah, don haka kowane aiki a yi masa ƙiyasi uku: in komai ya tafi daidai, in an yi yadda aka saba, in abu ya ɓaci. A ce kwalbati ce: sati 3, sati 5, sati 13. Sai ka ninka na tsakiya sau huɗu, ka haɗa da sauran biyun, ka raba gida shida. Ka ga ya ba ka sati 6. Mu a ofis sati 3 muke rubutawa, saboda shi ne mai daɗin ji a kunnen oga.

Daga baya, a 1969, aka ƙirƙiro wa hukumar ba da agaji ta Amurka wani tebur da muke kira logfirem, wanda duk mai aiki da masu ba da tallafi ya sha wahalarsa. Yana da wani gida a can gefen dama inda ake rubuta abubuwan da aka ɗauka za su tabbata kafin aikin ya yi amfani. A ganina gidan nan ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne muke cikewa a gurguje ana saura minti goma a tashi.

To amma kada wani ya ɗauka Bature ne ya koya mana jeranta aiki. Kakan nan nawa bai taɓa riƙe biro ba, amma in zai gina ɗaki ya san tubali a rani ake yin sa, ya bushe, a samo azara tun kafin a ɗaga bango, a yi rufi a yi yaɓe kafin watan bakwai, maƙarar rani. In azara ta makara, ya san ɗakin ya tafi baɗi, ko da magina goma ne a tsaye. Manomin rake a ƙasar Rogo ba ya sara sai ya tabbatar da injin matsa da itacen dahuwa, don raken da aka sare ba ya jiran kowa. Ƙashin bayan aiki ke nan, ba kwamfuta. Bambancin kawai, shi manomi in ya yi kuskure a cikinsa yake ji, mu kuwa albashinmu yana shiga ko an gama ko ba a gama ba.

Yanzu mu dawo Kano. An ƙirƙiro jihar a 1967, Audu Baƙo ya riƙe ta har 1975. Abin da ya bambanta zamanin nan, a fahimtata, ba yawan kuɗi ba ne kawai. An kalli taswirar koguna aka yi tunani mai nisa. Aka gina Bagauda, aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, ga ƙananan madatsu birjik a faɗin jihar, kuma da yawansu ma'aikatan jihar ne da kansu suka yi, waɗanda aka tattara a hukumar WRECA. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙara tabbatar wa kowa cewa dogaro da damina kaɗai ganganci ne. Tiga kuma ba a bar ta ita kaɗai ba, an ƙulla ta da aikin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. Tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure daga nan suka samo asali. Wato an yi bango, an yi kanal, an kai ruwa bakin gona. Ba a kammala duk abin da aka zana ba, amma sarƙar ta isa har hannun manomi.

Tunanin datse kogin Challawa ma ɗan wannan zamanin ne. Abin da ya shiga tsakani shi ne abin da ya shiga tsakanin ƙasar gaba ɗaya da tsare-tsarenta. Mun yi tsarin raya ƙasa na farko 1962 zuwa 1968, na biyu 1970 zuwa 1974, na uku 1975 zuwa 1980 wanda aka buɗe da naira biliyan 30 lokacin kuɗin fetur yana ambaliya, na huɗu 1981 zuwa 1985 wanda aka ɗora a kan biliyan 82. Sai farashin mai ya faɗi, sai tsuke bakin aljihu, sai SAP a 1986. Duk tsarin an gina shi a kan zato guda, cewa mai zai ci gaba da tsada, kuma ba wanda ya yi ƙiyasi na uku, na in abu ya ɓaci. A 1976 kuma aka kafa hukumomin raya koguna na tarayya, harkar manyan madatsu ta koma hannun Hukumar Haɗeja-Jama'are. Sai da aka shiga 1990 Challawa ta samu mai gina ta.

Akwai wani labari na 1975 da nake so duk ɗalibin tsara ayyuka ya sani. Gwamnatin tarayya ta yi odar siminti kusan tan miliyan 20, a lokacin da tashar jiragen ruwan Legas ba ta iya sauke fiye da kamar tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Kuɗi akwai, niyya akwai, ba a dai tambayi ƙofar da kayan za su shigo ba. Mai jaki ma ya san ba a yi wa mangala lodin da ya fi ƙofar gari faɗi.

To me ya sa bangon Challawa ya tashi a shekara biyu? Saboda irin aikin da jadawali yake so ke nan. Mai aiki ɗaya, mai biya ɗaya, ranar farawa, ranar gamawa, kuma kowa yana iya ganin dutse yana hawa kan dutse. Abin da yake biyo bayan bango shi ne mai wuya, don ba shi da uba ɗaya. Ruwan Challawa an tanade shi ne musamman don ya gangara: ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, ya taimaki ruwan famfon birni, ya ciyar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Wannan ba laifi ba ne, 'yan'uwanmu ne. Amma mutanen da ruwan ya zauna a kan gonakinsu fa? Mu ba mu samu irin kanal ɗin Kadawa ba. Je ka bakin dam da rani ka gani: kowa da ɗan injinsa na ban-ruwa da tiyo, yana sayen fetur da tsada yana jan ruwan da yake kallo da idonsa. Wani ƙanena da yake noman albasa a wajen, in muka yi waya, farashin lita yake fara faɗa mini kafin ya tambayi yara. An samu kamun kifi, an samu lambu, ban musa ba, alheri ne. Sai dai mafi yawansa mutane ne suka ƙago wa kansu, ba a cikin zane yake ba.

A can ƙasa kuma wani abu ya faru da ba a sa shi a lissafi ba. Da, kogin Haɗeja yana cika da damina ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, da rani ya janye, a yi shinkafa, a yi kifi, a yi kiwo. Da Tiga da Challawa suka riƙe ambaliya suna sakin ruwa rani da damina, hanyoyin ruwan suka daina bushewa, sai ciyawar kacala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyi, laka ta taru, ruwa ya koma inda ba a son sa ya bar inda ake jiran sa, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya. Sai a 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya ratsa suka zauna a Damaturu suka amince da tsarin kula da shi bai ɗaya, shekara 14 bayan gama Challawa. A 2014 kuma aka kawo shirin TRIMING da rancen Bankin Duniya na kusan dala miliyan 495, babban ɓangarensa gyaran madatsu da kanal-kanal ɗin da aka bari suka lalace ne. Wato mun ci bashi don mu yi abin da ya kamata a ce yana layin ƙarshe na jadawalin farko: wa zai kula da shi, da wane kuɗi.

Mu ma dai mun gode Allah. A Bakolori, a 1980, rikicin diyya tsakanin manoma da hukuma sai da ya ci rayuka. Jadawalin injiniya yana da layin siminti da na rodi, amma sau da yawa ba shi da layin "an zauna da masu gona an daidaita", alhali wannan layin yana iya tsayar da duk sauran.

Haka maganar wutar lantarki. A zangon Kwankwaso na biyu aka ba da aikin samar da wuta daga Tiga da Challawa, aka fara da maganar megawat 35, daga baya aka dawo 16, goma a Tiga shida a Challawa, aikin ya ƙetare gwamnatin da ta fara shi ya shiga hannun ta Ganduje. Ga titunan kilomita biyar-biyar na ƙananan hukumomi 44, su ma na wancan zangon, da yawansu suka tsaya shekara da shekaru kafin gwamnatin Abba ta koma kansu. Don Allah 'yan siyasa ku riƙe duwatsunku, ba ja ko fari nake magana ba. Masarautar Ƙaraye kanta an ɗaga ta a 2019, an rushe a 2024, an dawo da ita mai daraja ta biyu a shekarar, da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Abin da nake nufi, duk aikin da zai wuce shekara huɗu a ƙasar nan, zaɓe yana cikin ƙashin bayansa, kuma ban taɓa ganin jadawalin da aka rubuta haka a ciki ba. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Na tabbata kusan kowanne yana da jadawali mai kyau a cikin fayil.

Kada in yi ta nuna wasu da yatsa, bari in faɗi nawa. Shekarun baya an ba ni tsara aikin wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye, ba zan faɗi wurin ba. Na zauna na zana jadawali wanda har aka yi ta yawo da shi ana nuna wa sababbin ma'aikata. Wata shida na rubuta. Ga yadda ta kaya. Kasafi ya fito a Janairu. Kafin a tallata aikin, a jira sati shidan da ƙa'ida ta ce, a buɗe tayin 'yan kwangila, a tantance, an shiga Afrilu. Takardar ba da aiki ta fita a Mayu. Kuɗin kafin alƙalami ya fita a ƙarshen Yuni. Ranar da ɗan kwangila ya tura motar yashi ta farko, rafin da yake kan hanyar garin ya kawo, mota ta kafe kwana biyu sai da aka nemo tarakta. Ba a sake kai ko bulo ɗaya ba sai Oktoba. Kafin nan siminti ya tashi, ya dawo yana neman a sake duba farashi, fayil ya koma sama, shekara ta ƙare, kuɗin ya koma baitulmali.

Da na je duba wurin, mai garin ya karɓe ni da fura, ya bari sai da na sha, sannan ya ce, "Yallaɓai, da ka tambaye ni, ai da na faɗa maka. Mu nan daga watan bakwai ko amarya ba ma kaiwa ta hanyar nan." Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da na taso a ƙauye, na san rafi yana kawowa, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na zana wata goma sha biyu iri ɗaya, kamar a Ingila nake. An gama ginin bayan shekara biyu da rabi. Sannan aka tarar ba a sa ma'aikata a lissafi ba, don wannan na wata ma'aikatar ne, ba kuma wanda ya rubuta musu. Ginin ya ƙara shekara a kulle, jemagu suka tare. A cikin wannan tsakanin mata masu naƙuda a bayan babur ake fita da su, ta wannan rafin dai. Ban san adadin waɗanda abin ya shafa ba a lokacin, ban kuma tambaya ba, kuma rashin tambayar yana damuna har yau.

Shi ya sa da matashin nan ya gama bayani ya ce akwai mai tambaya, na ɗaga hannu na ce, ƙanena, a ina ake sa damina a manhajar nan? Aka yi dariya. Shi kuwa, Allah ya yi masa albarka, bai yi dariya ba. Ya ce akwai wurin, kalanda ce, kana iya rufe duk kwanakin da ba a aiki, mutane ne ba sa buɗe ta. Ya nuna mini. Danna uku ne kacal. Shekara goma sha ina aikin nan ban taɓa shiga wurin ba.

Kun ga ke nan kayan aikin ba su da laifi. Gantt zai karɓi duk abin da ka ba shi, gaskiya ko ƙarya, ya yi maka shi da launi. In ka ce masa aiki yana ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle aka ɗauki hoto, a nan zai tsaya. In ka ce masa sai ruwa ya shiga kwamin albasa, ko sai ungozoma ta kwana a asibitin, zai ja sandar har can, sai dai jadawalin zai yi tsawo ya yi muni, kuma zai nuna sunayen ofisoshin da ba sa son a ga sunansu.

Da na koma ofis ranar Litinin na ɗauko ayyuka huɗu na baɗi da suke hannuna, biyu daga ciki a yankinmu. Na rufe Yuli zuwa Satumba da baƙi. Na lissafa da baya daga ranar da ya kamata mota ta shiga, sai ga shi dole a tallata aikin tun Oktoban bana, kafin ma kasafin ya je majalisa, a rubuta cewa ba da aikin sai kasafi ya tabbata. Na ƙara layi biyu a ƙasa, ɗaya na zama da masu unguwanni da masu filaye, ɗaya na wanda zai karɓi mukulli da kuɗin da zai riƙe wurin shekarar farko. Aikin da a da zan rubuta wa wata shida ya koma wata goma sha huɗu.

Daraktana ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, wa zai kai wa kwamishina wata goma sha huɗu?" Na ce ranka ya daɗe, in an yarda ni zan kai. Ya ce in bar masa ya yi tunani. Yau Alhamis, fayil ɗin yana kan teburinsa.